Ɓeran Teku da Darajar Ilimin Rarrabe Halittu

Gabatarwa

A duk lokacin da guguwar hunturu ta kaɗa a Tekun Arewa, wanda ke shimfiɗe tsakanin Ingila da Holand da Danmak da Norwe, masu yawo a bakin gaɓa sukan tarar da wata 'yar halitta da igiyar ruwa ta watso a kan rairayi. Tsawonta yakan kama daga santimita 10 zuwa 20, faɗinta kuwa bai cika wuce santimita 6 ba. Bayanta a lulluɓe yake da wani gashi toka-toka mai kama da na ɓera, gefunanta biyu kuma suna walƙiya da launin kore da shuɗi da ruwan zinariya. Mutanen waɗancan ƙasashe suna kiranta ɓeran teku. Sai dai duk wanda ya birkita ta ya dubi cikinta zai ga jikin a jere yake gaɓa-gaɓa kamar karan rake, kowace gaɓa da 'yan ƙafafu biyu. Ashe tsutsa ce, 'yar'uwar tanar da ke fitowa a gona da damina, da matsattsakun da ke maƙale wa masu wanka a tafki.

Wannan halitta ta cancanci a tsaya a kanta saboda wata matsala da ke damun koyar da kimiyyar rayuwa. A makarantun sakandare da dama, darasin rarrabe halittu shi ne wanda ɗalibai suka fi ƙi. Malami yakan rubuta jerin sunayen Latin a allo, ɗalibai su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, kashegari su manta. Har an kai wasu masu ilimi suna ganin cewa wannan fanni ya tsufa, aikin masu tara ƙwari ne na zamanin da, kuma lokacin da ake ɓatawa a kansa gara a ba wa darasin ƙwayoyin gado ko na kwamfuta. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma tarihin ɓeran teku da danginsa ya isa hujja. Rarrabe halittu da nazarin ƙirar jikinsu su ne harsashin da sauran sassan kimiyyar rayuwa suka hau kai, kuma laifin ƙin da ake yi musu yana wuyan hanyar koyarwar.

Adireshin Ɓeran Teku

Mai aika wasiƙa yakan rubuta ƙasa, da jiha, da gari, da unguwa, da gida, sannan sunan wanda za a ba. Haka masana suke yi wa kowace halitta. Ɓeran teku yana cikin masarautar dabbobi. A ƙarƙashinta yana cikin zuriyar Annelida, wato tsutsotsi masu jiki gaɓa-gaɓa. Daga nan sai ajin Polychaeta, wato masu gashi da yawa, sai sahun Phyllodocida, sai dangin Aphroditidae, sai gidan Aphrodita. Cikakken sunansa shi ne Aphrodita aculeata. Kalmar farko sunan wata gunkiya ce ta Girkawan da, ta biyu kuwa da harshen Latin tana nufin mai ƙaya.

Wanda ya raɗa wannan suna shi ne Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya rayu daga 1707 zuwa 1778. Ya rubuta shi a bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, wanda ya fito a 1758, kuma daga wannan bugu ne aka yarda a fara lissafin sunayen dabbobi na kimiyya. Ke nan sunan ɓeran teku yana cikin mafiya tsufa da ake amfani da su har yau.

Abin lura a nan shi ne, sunan ya tsaya, amma adireshin ya sha canji. Linnaeus ya zuba ɓeran teku ne cikin wani babban rumbu da ya kira Vermes, a ɓangare ɗaya da katantanwa marar ɓawo da tauraron teku, domin dukkansu jikinsu ba ƙashi. A farkon ƙarni na 19 masanin Faransa, Lamarck, ya ware tsutsotsi masu gaɓoɓi ya ba su sunan kansu. A 1850 Adolf Eduard Grube na Jamus ya raba masu gashi da yawa daga masu gashi kaɗan irin su tana. Gidan Aphrodita ma an rage masa jama'a. Wata tsutsa da Linnaeus ya kira Aphrodita squamata an mayar da ita gidan Lepidonotus, wata kuma da ya kira Aphrodita imbricata a 1767 ta koma gidan Harmothoe, kuma dukkansu biyu yanzu suna cikin wani dangi dabam mai suna Polynoidae, wanda Kinberg na Suwidin ya kafa a 1856. Wannan dangi shi kaɗai yana da nau'i kimanin 900.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya biyo bayan wata hujja ce da wani ya gani da idonsa, ya bayyana, sauran masana suka duba suka gamsu. Ɗalibin da aka ba shi jerin sunayen kawai, an ba shi hukunci ne an ɓoye masa shari'ar da ta haifar da shi.

Ƙirar Jiki

Ɓeran teku da danginsa ana kiransu tsutsotsi masu sulke. Dalili kuwa shi ne, a bayansu akwai wasu 'yan faya-fayai masu laushi da suka jeru bibbiyu, dama da hagu, kowane ya ɗan hau kan na bayansa, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Masana suna kiran su elitira, daga kalmar Girka mai nufin kube, kuma sunan da ake kiran taurarun fikafikan buzuzu ke nan. A jikin yawancin dangin ana ganin faya-fayan a fili. A jikin ɓeran teku kuwa a ɓoye suke, domin wasu siraran gasu da ke tsirowa daga gefunansa suna sarƙewa da juna su zama bargo a bisa baya. Sai an tsaga wannan bargo da almakashi ake ganin faifai 30 a ƙarƙashi, 15 a kowane gefe.

Jikin yana da gaɓa kimanin 40. Kowace gaɓa tana da wata 'yar ƙafa ta tsoka a kowane gefe, kuma kowace ƙafa reshe biyu gare ta. Reshen ƙasa yana ɗauke da gasu masu kauri waɗanda dabbar ke dogara da su tana tura jikinta cikin laka. Reshen sama kuwa shi ke fitar da gashin bargo, da gashin nan mai walƙiya, da wasu ƙayoyi masu duhu da tsini waɗanda suka jawo masa laƙabin mai ƙaya. Duk waɗannan gasu an gina su ne da kaitin, sinadarin da ke cikin ɓawon fara da ƙaguwa, haɗe da furotin.

Mai tambaya zai ce, mene ne amfanin faifan da aka rufe da bargo? Amsar tana cikin wurin zaman dabbar. Ɓeran teku yana rayuwa ne a ƙasan teku, cikin yashi mai laka, yana kutsawa a ƙarƙashin saman lakar kaɗan. Ba shi da huhu, da fatar jikinsa yake shaƙar iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, kuma laka tana iya toshe wannan fata. Tsakanin bargon da fatar baya akwai wani sarari kamar soro. Dabbar tana jawo ruwa ta gefuna zuwa cikin wannan sarari, bargon yana tare laka kamar rariya, sannan faya-fayan su motsa su kora ruwan ya fita ta wajen wutsiya. Da haka ruwa mai tsabta yake gudana a kan fatar ko da dabbar tana binne. Wanda ya fahimci wannan ba ya bukatar haddace cewa ɓeran teku yana da bargo da faya-fayai, domin ya riga ya ga dalilinsu.

Kan dabbar ƙarami ne ƙwarai, yana ɓoye a tsakanin gaɓoɓin farko, da ɗan ƙaho guda a tsakiya da wasu dogayen 'yan yatsu biyu na lalube. Duk da kamanninsa na lafiya, ɓeran teku mafarauci ne. Yana da maƙogwaro mai ƙaƙƙarfar tsoka wanda yake iya turowa waje ta baki ya cafki abinci. Yana cin ƙananan ƙaguwa da wasu tsutsotsin, kuma an taɓa ganin ya haɗiye tsutsar da ta ninka shi tsawo sau uku. Hanjinsa yana fitar da rassa bibbiyu zuwa gefuna, waɗanda ke taimakawa wajen narkar da abinci. Igiyar jijiyarsa kuwa, kamar ta tana, a gefen ciki take bi, saɓanin mutum da sauran masu ƙashin baya waɗanda tasu ke bin baya.

Yadda Ake Bambanta Ɗan'uwa da Ɗan'uwa

Aikin mai rarrabe halittu ƙirga ne da awo da kwatantawa. A ɗauki Lepidonotus squamatus, wadda ake samu a ƙarƙashin duwatsu a gaɓar tekun Turai. Gaɓoɓinta 26 ne, faya-fayanta 12 a kowane gefe, kuma suna zaune a kan gaɓa ta 2, da ta 4, da ta 5, da ta 7, daga nan sai a riƙa tsallake ɗaya har zuwa ta 23. Gaɓoɓin da ba su da faifai suna ɗauke da wani ɗan zare na ji a madadinsa. Harmothoe imbricata kuwa faya-fayanta 15 ne a kowane gefe: tana da waɗancan 12 a wuraren da aka ambata, da ƙarin uku a gaɓa ta 26 da ta 29 da ta 32. Dukkansu biyu ba su da bargo, kuma suna da haƙora huɗu a bakin maƙogwaro, abin da ya bambanta su da ɓeran teku. Idan an matsa wa Harmothoe, takan yar da faifanta kamar yadda tsaka ke yar da wutsiya, kuma faifan da ya faɗi yakan yi ta ƙyafta koren haske a cikin duhu, ya ɗauke hankalin maƙiyi, ita kuma ta sulale. Daga baya wani faifan ya tsiro.

Tambayoyi uku ke nan suka raba waɗannan dabbobi uku: akwai bargo ko babu, faifai nawa ne, kuma a kan waɗanne gaɓoɓi suke. Jerin irin waɗannan tambayoyi, inda kowace amsa take kai mutum ga tambaya ta gaba har ya isa ga suna, shi ake kira mabuɗin ganewa. Ɗalibin aji huɗu yana iya bin sa, yana ma iya ƙirƙirar nasa.

Akwai kuma abin da ido bai kamata ya yarda da shi ba, wato launi. Harmothoe imbricata tana zuwa da launuka iri-iri, wata baƙa, wata ja-ja, wata mai zane, wata mai ɗigo-ɗigo. A 2011 masana a Suwidin suka gwada sinadarin gado na DNA na launuka goma daga cikinsu, suka tarar duk nau'i ɗaya ne. Akasin haka ya faru da wata tsutsar laka mai suna Capitella capitata, wadda aka daɗe ana ɗauka alama ce ta gurɓatar ruwa a duk duniya. A 1976 Judith Grassle da Frederick Grassle na Amurka suka nuna cewa abin da ake kira da wannan suna a gaɓar tekun Masacuset nau'i shida ne masu kama da juna, waɗanda yanayin hayayyafarsu ya sha bamban. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Abin da Aka Samu Daga Tsutsar da Aka Raina

Waɗanda suka zauna suna ƙirga gashin tsutsa ba su yi wa kowa alkawarin riba ba. Duk da haka ribar ta zo. A 1872 masanin Ingila, Ray Lankester, ya feɗe ɓeran teku ya lura cewa igiyar jijiyarsa ja ce wur, kuma ya nuna cewa jan ya samo asali ne daga wani sinadari irin himogulobin, wanda ke ɗaukar oksijin a jinin mutum.  A 1996 masana a Beljiyam suka karanta tsarin wannan furotin na jijiyar ɓeran teku. A 2000 kuma Thorsten Burmester da abokan aikinsa a Jamus suka gano wani furotin a ƙwaƙwalwar mutum da ta ɓera na gaske, suka raɗa masa suna niyurogulobin, kuma da aka kwatanta sai aka ga yana da kusanci da na ɓeran teku. Masu binciken lafiya suna nazarin rawar da yake takawa wajen kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa idan oksijin ya yi ƙaranci, kamar yadda yake faruwa ga mai shanyewar ɓarin jiki. Da Lankester bai rubuta ainihin sunan dabbar da ya feɗe ba, da waɗanda suka zo bayansa ba su san inda za su koma su duba ba.

Gashin nan mai walƙiya ma ya ba da nasa darasi. Launinsa ba rini ba ne. A 2001 Andrew Parker da wasu masana kimiyyar haske a Ostireliya suka yanka ƙayar wani nau'in Aphrodita suka duba ta da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Sai suka ga bangonta cike yake da 'yan bututu masu rami, a jere daki-daki kamar saƙar zuma, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Idan haske ya faɗa kan wannan jeri, wasu launuka sukan dawo da ƙarfi, wasu su shige, kuma launin da ake gani yana canzawa gwargwadon inda hasken ya fito. Irin wannan dabara ce ke sa gashin dawisu ƙyalli. Shekara biyar kafin nan, a 1996, injiniyoyi a Ingila suka fara ƙera zaren gilas mai irin waɗannan ramuka domin sarrafa haske. A 2010 kuma masana a Norwe suka yi amfani da gashin ɓeran teku a matsayin mazubi, suka zuba ƙarfe a cikin ramukansa suka fitar da wayoyin da ido ba ya gani.

Amsa Ga Masu Suka

Suka ta farko ita ce cewa gwajin DNA ya maye gurbin duban jiki. Gaskiya ne gwajin ya kawo gyara mai yawa. Shi ne ya tabbatar da cewa wasu ƙananan tsutsotsin yashi na gidan Pisione, waɗanda ba su da faifai ko ɗaya, 'yan dangin masu sulke ne da kakanninsu suka yar da sulken. Shi ne kuma, a wani babban bincike da Torsten Struck da abokansa suka buga a 2011, ya ƙarfafa hujjar cewa tana da matsattsaku reshe ne da ya tsiro daga cikin tsutsotsi masu gashi da yawa, har ya sa ajin Polychaeta na Grube ya zama sunan da ake riƙewa don sauƙin magana. Amma na'urar gwaji jerin haruffa take fitarwa, ba ta fitar da suna. Dabarar gane halitta da ɗan guntun DNA, wadda Paul Hebert na Kanada ya gabatar a 2003, tana aiki ne ta hanyar kwatanta sabon jeri da wani jerin da aka ajiye, kuma wancan na ajiye dole a ce wani masani ya riga ya duba jikin dabbar da aka ciro shi ya tabbatar da sunanta. Idan ya yi kuskure, kuskuren zai bi duk wanda ya dogara da shi. Saboda haka sabuwar hanyar ta ƙara bukatar masu iya duban jiki.

Suka ta biyu ita ce cewa aikin ya ƙare tun zamanin Linnaeus. Alƙaluma sun ƙaryata wannan. Rajistar halittun teku ta duniya, wadda aka kafa a 2007 kuma take da mazauni a Ostend ta Beljiyam, tana ɗauke da sunayen nau'i fiye da 240,000. Wani ƙiyasi da Camilo Mora da abokan aikinsa suka yi a 2011 ya nuna cewa halittun teku za su kai nau'i miliyan 2.2, kuma kashi 91 cikin ɗari ba a bayyana su ba. Sai a 1977 aka gano maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙasan teku kusa da tsibiran Galafagos, kuma a 1984 Marian Pettibone ta cibiyar Smithsonian ta Amurka ta bayyana wata tsutsa mai sulke daga can, Branchipolynoe symmytilida, wadda ke zaune a cikin ɓawon wata ƙumba mai rai. A 2020 ma an bayyana sababbin nau'i huɗu na gidan Peinaleopolynoe daga zurfin tekun Fasifik.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi: ina ruwan ɗalibin Kano ko na Damagaram da tsutsar Tekun Arewa, alhali yana fama da zazzaɓi da fari? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta tana cikin zazzaɓin kansa. Sauron da ake kira Anopheles gambiae an daɗe ana ɗaukarsa nau'i ɗaya. A shekarun 1960 aka gane cewa tarin nau'o'i ne da ido ba ya iya bambantawa, alhali halayensu sun sha bamban: wani ya fi cizon mutum ya kwana a bangon ɗaki, wani yana cizon shanu ma kuma yakan kwana a waje, wani kuwa kusan ba ya yaɗa cutar. A lokacin Shirin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Jihar Kano suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a yankin da yanzu yake cikin Jihar Jigawa, masanin Italiya Mario Coluzzi ya yi amfani da tsarin zaren gado na sauro wajen rarrabe su, kuma an ga cewa sauron da ke kwana a waje yana tsira daga feshin da ake yi wa bangon ɗaki. Tunanin da ya raba Lepidonotus da Harmothoe shi ne ya raba waɗannan sauraye.

Bugu da ƙari, Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma tsutsotsi masu gashi suna cikin dabbobin da suka fi yawa a lakar ƙasan teku. Da yake ba sa iya gudu mai nisa, da su ake auna illar malalar mai da dattin masana'antu: idan nau'o'i da yawa suka ɓace, 'yan kaɗan masu jure ƙazanta suka cika wuri, an san ruwa ya ɓaci. Ba a iya wannan awo sai an san abin da ke wurin tun farko. Yawancin bayanan farko na tsutsotsin tekun Afirka ta Yamma baƙi ne suka rubuta su, kamar Hermann Augener na Jamus a 1918 da Norman Tebble na Ingila, wanda ya rubuta na gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Gana a 1955. Ƙasar da ba ta da masu iya karanta irin waɗannan bayanai su gyara su, sai ta jira wani ya zo ya gaya mata abin da ta rasa.

Shawarwari

Gyaran ba ya bukatar teku. Da damina kowace makaranta tana da tana a harabarta. Malami zai iya raba wa ɗalibai tana mai rai a kan takarda, su saurari ƙarar gashinta yana kartar takardar, su shafa ta daga wutsiya zuwa kai su ji kaushinsa, su ƙirga gaɓoɓi daga baki zuwa ɗamarar da ke wuyanta, su zana abin da suka gani da awonsa, sannan su mayar da ita ƙasa mai danshi. Bayan haka sai a kafa musu zanen ɓeran teku a allo, a tambaye su abin da ya haɗa dabbobin biyu da abin da ya raba su. Su da kansu za su gano ma'anar Annelida kafin a faɗa musu kalmar, domin gani ya kori ji. Za su kuma ji daɗin sanin cewa wata shahararriyar tana ta Afirka ta Yamma, Eudrilus eugeniae, wadda ake kiwo a ƙasashe da yawa don yin taki, Kinberg ɗin nan ne ya raɗa mata suna a 1867, da sunan jirgin ruwan Eugenie da ya zaga duniya a cikinsa daga 1851 zuwa 1853.

Na biyu, kowane aji ya kamata ya ƙirƙiri mabuɗin ganewa nasa ko da sau ɗaya a shekara, da ganyen itatuwa goma na harabar makaranta, ko da fara da ƙwarin da ke taruwa a gindin fitila. Sai a miƙa mabuɗin ga wani aji su gwada. Inda suka ɓace, nan ne tambayar ba ta da kyau, sai a gyara. Wannan shi ne ainihin aikin da masana suke yi wa juna.

Na uku, masu tsara jarrabawa su rage tambayar da ke neman jerin suna, su yawaita wadda ke ba ɗalibi zane ko samfuri ta nemi ya faɗi inda zai sa shi da hujjarsa. Abin da jarrabawa ta tambaya shi malami yake koyarwa.

Na huɗu, jami'o'i su kula da ɗakunan ajiyar samfurin halittu. Ƙa'idar raɗa wa dabba suna ta tanadi a ajiye samfurin da aka bayyana, domin duk mai shakka ya koma ya duba. Kwalbar da barasarta ta ƙafe, ko takardar bayaninta ta ɓace, hujja ce da ta salwanta. Haka kuma sassan nazarin Hausa da na kimiyyar rayuwa su haɗa kai su tattara sunayen kifaye da ƙwari da tsirrai da ke bakin masunta da manoma da mafarauta, su daidaita su da sunayen kimiyya, tun dattawan da suka san su suna raye.

Kammalawa

Daga 1758 zuwa yau, ɓeran teku ya canza maƙwabta sau da dama a littattafan masana, kuma kowane canji ya zo ne daga wani da ya ƙara duba da kyau. Jijiyarsa ta taimaka wajen fahimtar wani furotin na ƙwaƙwalwar mutum, gashinsa ya koya wa masu nazarin haske darasi, danginsa kuma har yanzu ana ci gaba da gano sababbi. Ɗalibin da aka koya masa ya ƙirga gaɓoɓin tana, ya zana su daidai, ya kuma kare hukuncinsa da hujja, ya samu horon da likita da malamin gona da mai binciken sauro duk suke bukata. Daminar bana ta isa malami ya fara.